FILIN MATA: Dambe Ko Rawa?

A wannan mako za mu yi magana a kan wata irin gardama wadda ba gidan da ba ta shiga, ba kuma ajin da ba ta leƙa. Gardama ce ta masu son juna, watau mutum biyu waɗanda ko wannensu ya fi so su kasance tare, amma ko wanne da inda ya ke so a haɗu.

Ku duba maganar anko. Ƙawayen amarya su goma sun taru, duk sun yarda ranar biki zane iri ɗaya za su ɗaura, gama abin da ke ƙawata anko shi ne a gan shi bai ɗaya. Amma wannan shuɗi ta ke so domin ya fi karɓar fatarta, waccan kuwa ta kafe a kan ja. In kowa ta sayi son ranta, to, ba anko ke nan. Ko kuwa maigida da uwargida: salla ta matso, shi yana so a yi ta a garin iyayensa, ita tana marmarin nata iyayen, amma ba mai so a raba yara, rabi nan rabi can. Ko 'yan makaranta biyu da suka saba bitar karatu tare da maraice, ɗaya lissafi ke ba ta wuya, ɗaya Ingilishi.

Duk waɗannan jirgi ɗaya ya kwaso su. An yarda a kan babban abu, an saɓa a kan ƙarami, kuma ƙaramin yana iya kashe babban. Za ku yi mamaki in na gaya muku manyan masana lissafi sun zauna sun yi wa wannan gardama nazari, sun kuwa gano abubuwan da za su amfane mu a cikin gidajenmu.

Asalin labarin

Cikin 1944 aka buga wani babban littafi a Amurka. Waɗanda suka rubuta shi su ne John von Neumann, masanin lissafi haifaffen ƙasar Hangari, da Oskar Morgenstern, masanin tattalin arziki. Littafin nan shi ya kafa fannin da a ke ce da shi ilmin dabarun wasa. Kada sunan ya ruɗe ku ku zaci dara ko langa kaɗai a ke nufi. A wurinsu wasa shi ne duk al'amarin da sakamakonsa bai rataya ga abin da kika yi ke kaɗai ba, sai an haɗa da abin da abokin hulɗarki ya yi. Ciniki wasa ne, yaƙi wasa ne, zaman tare ma haka.

Cikin 1957 waɗansu masana biyu, Duncan Luce da Howard Raiffa, suka kawo wani ɗan misali a nasu littafin, misalin kuwa ya yi suna har yau ana koyar da shi a jami'o'i. Wai mace da namiji ne za su fita shaƙatawa da dare. Namijin kallon dambe ya ke so. Macen kuwa ta fi son kallon irin rawar nan da Turawa ke yi a kan dandamali da kiɗa, wadda a ke ce da ita bale. Amma ko wannensu ya gwammace ya bi ɗan'uwansa da ya je wurin da ya ke so shi kaɗai. An sa wa misalin suna yaƙin maza da mata. Daga baya, cikin 1994, waɗansu masanan, Osborne da Rubinstein, suka mai da shi labarin mutum biyu masu son sauraron kiɗa tare, ɗaya yana son na Bach, ɗaya na Stravinsky. Wannan ya nuna abin bai tsaya ga mata da miji ba. Ƙawa da ƙawa, ya da ƙanwa, kishiya da kishiya, duk yana faɗa musu.

Mu ƙidaya da goro

Don abin ya fito sarari, bari mu auna jin daɗi da goro. In sun haɗu wurin dambe, miji ya sami goro 2, mata ta sami 1. In sun haɗu wurin rawa, mata ta sami 2, miji 1. In kuwa suka saɓa, ba mai samun ko ɓari. Mu kuma ɗauka ba su da halin yin shawara, ko wanne daga wani wuri zai taso.

Hanyar haɗuwa biyu ce, hanyar saɓawa ma biyu. Ta fari kowa ya san ta: shi ya tafi dambe, ita ta tafi rawa, taurin kai ya raba su. Ta biyun ita ce mai ban tausayi. Shi ya ce bari ya yi mata kara, ya nufi wurin rawa. Ita ma ta ce bari ta yi masa kara, ta nufi wurin dambe. Ga shi kowa ya bar son ransa, kuma ba a haɗu ba. Kun ga ashe karar da ba a faɗa ba tana iya jawo hasara daidai da ta taurin kai. Sau nawa mace kan dafa abin da ta ke zaton miji na so, shi kuma ya ci don kada ya ɓata mata rai, a shekara goma a haka, alhali ba mai son abincin a cikinsu?

Cikin 1950 wani saurayi, John Nash, tun yana ɗan shekara ashirin da ɗaya a jami'ar Firinston, ya fito da wata ma'ana wadda ta sa aka ba shi lambar Nobel cikin 1994. Mu kira ta matsaya. Matsaya ita ce halin da in an kai gare shi, ba wanda zai ƙaru in ya canja shi kaɗai. In duka biyu suna wurin dambe, matar ba za ta ƙaru da tashi ta tafi rawa ita kaɗai ba, gama goronta ɗaya zai koma babu. Haka nan in suna wurin rawa, mijin ba zai ƙaru da tashi ba. Matsaya biyu ke nan, ɗaya ta fi yi wa miji, ɗaya ta fi yi wa mata, lissafi kuwa bai ce ga wadda za a ɗauka ba. Nan gizo ke saƙa.

Akwai hanya ta uku, ita ce kintace. Ko wanne ya riƙa zuwa wurin da ya ke so sau biyu cikin uku, ya bi na ɗan'uwansa sau ɗaya, ba tare da an san ranar da zai yi haka ba. 'Yan makaranta, ku ɗauki alƙalami ku gwada. A cikin fita tara, bisa ƙiyasi, sau biyu za su haɗu a dambe, sau biyu a rawa, sau biyar su saɓa. Yanzu mu jera sakamakon fita goma. In duka biyu sun kafe, kowa ya tashi a tutar babu. In suna kintace, abin da ko wanne zai samu bai cika goro 7 ba. In mace ce ke bi kullum, ta sami 10, miji 20. In kuwa karɓa-karɓa su ke yi, yau dambe gobe rawa, kowa ya sami 15.

Ku lura ƙwarai da wannan jeri. Zaman kintace, inda ba mai faɗin abin da ke ransa, ya fi bi kullum hasara. Karɓa-karɓa kuwa bai rage ko goro ɗaya daga jimlar gidan ba, talatin ce a nan, talatin a can. Rabon kawai ya gyara.

Abin da ke tara hankali wuri ɗaya

To, in ba halin magana, ƙaƙa mutane ke haɗuwa? Wani masani Ba'amurke, Thomas Schelling, ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1960. Ya tambayi mutane: a ce za ka sadu da wani a birnin Niyu Yok, ba ku yanke wuri ba, ba ku sa lokaci ba, ina za ka, kuma da ƙarfe nawa? Birnin kuwa ƙato ne ainun, duk da haka fiye da rabinsu suka ambaci babbar tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, kusan dukansu kuma suka ce ƙarfe goma sha biyu na rana. Dalili shi ne ko wanne ya san nan hankalin ɗan'uwansa zai fi zuwa, ya kuma san ɗan'uwan ya san ya sani.

Ya yi wani gwajin wanda ya fi kusa da maganarmu. Mutum uku ne, an ba ɗaya harafin A, ɗaya B, ɗaya C. Aka ce ko wanne ya jera haruffan uku yadda ya ga dama, ba shawara. In jerinsu ya zo ɗaya, wanda harafinsa ya zo farko ya sami dala 3, na biyu 2, na uku 1. In ya saɓa, ba mai samun kome. Mafi yawansu ABC suka rubuta, har da masu harafin C, waɗanda jerin nan ya ba su mafi ƙanƙantar rabo. Sun san in ba wannan jeri ba, ba wani da hankalin su uku zai taru a kansa, kuma da babu gara ba daɗi.

Al'ada haka ta ke aiki a gidajenmu. Babba ya fara zaɓa kafin ƙarami, uwargida kafin amarya, gidan iyayen miji kafin na mata. Amfaninta ba kaɗan ba ne, gama tana kashe gardama tun ba ta tashi ba. Amma tana da aibi ɗaya: mai harafin C kullum ita ce mai harafin C. Zama ya daidaita, ba hayaniya, baƙo ya shigo ya ce gidan nan lafiya lau, alhali mutum ɗaya ce ke karɓar goro ɗaya shekara da shekaru. Ita kanta ba ta da ribar tayar da ƙayar baya ita kaɗai, shi ya sa abin ke daɗewa. Daidaituwa daban, adalci daban. Sabo kuwa, an ce, turken wawa.

Wanda ya riga rufe ƙofa

Schelling ya lura da wani abu kuma. Ya kawo misalin miji da mata suna gardama ta waya a kan inda za su haɗu su ci abincin dare. In matar ta faɗi inda za ta, ta ajiye waya nan take, to, ta ci gardama, domin mijin ba shi da sauran zaɓi sai ya bi ta ko ya ci shi kaɗai. Watau wanda ya riga ya ɗaure kansa, ya toshe kunnensa, shi ke jan ɗan'uwansa.

Kun san wannan dabara ko da ba ku san sunanta ba. Ita ce ta maigidan da kan shigo ya ce ai ya riga ya biya kuɗin mota, ya kuma aika gida cewa ana tafe. Ita ce ta ƙawar nan da kan zo taron anko da jan zanenta, ta ce ai har ta kai wa tela. Ba ƙarya suka yi ba, ba su zagi kowa ba, sun dai rufe ƙofa ne kafin a zauna. Dabarar tana ci sau ɗaya, sau biyu. Amma ranar da aka sami masu rufe ƙofa biyu, wannan ta ɗinka ja, waccan ta ɗinka shuɗi, an koma tutar babu, ga kuɗi sun tafi. Wadda kuma a ke yi wa haka kullum, ko ta bi, zuciyarta na ƙidaya.

Cikin 1989 waɗansu masana huɗu, Cooper da DeJong da Forsythe da Ross, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutane a kan wannan wasa. Inda ba a yarda a yi magana ba, saɓawa ta yi yawa. Inda aka bar mutum ɗaya ya aika da saƙo kafin a zaɓa, kusan kullum sai an haɗu, galibi a wurin da mai saƙon ya ke so. Inda kuwa aka bar duka biyu suka aika a lokaci ɗaya, haɗuwar ba ta kai haka ba, domin sau da yawa kowa nasa ya ke ambata. Darasi biyu ke nan. Magana tana da amfani, amma sai ɗaya na faɗa ɗaya na ji. Kuma bakin da ya fara magana yana da riba, saboda haka bai kamata ya zama baki ɗaya ne ke farawa kullum ba.

Har ƙasashe ma

Kada ku zaci wannan matsalar cikin gida ce kawai. Ƙasashe maƙwabta duk sun fi so motocinsu su riƙa bin hannu ɗaya a kan titi, amma ko wace ta fi so a bi nata, don kada wahalar canji ta faɗa mata. Ƙasar Suwidin hannun hagu ta ke bi a da, maƙwabtanta Nowe da Finlan kuwa dama. Cikin 1955 aka tambayi jama'arta, wajen kashi 83 cikin ɗari suka ce a bar su a hagunsu. Duk da haka majalisa ta yanke a canja, aka sa rana. Ran Lahadi 3 ga Satumba 1967, da asuba, motocin da ke kan hanya suka tsaya cik, suka koma ɗaya hannun a hankali, da ƙarfe biyar daidai aka ci gaba da tafiya a dama.

Nijeriya ma ta yi irin wannan. Ta gaji bin hagu daga Ingilishi, ga ta kuwa kewaye da Nijar da Cadi da Kamaru da Dahome, wadda yanzu a ke kira Benin, duk masu bin dama. Ran 2 ga Afrilu 1972 ta koma dama. Gana ta biyo baya ran 4 ga Agusta 1974.

Abin koyi a nan shi ne yadda a ke barin tsohuwar matsaya. Ba a barinta rabi da rabi, ba kuma direba ɗaya ke tashi da safe ya canja hannu shi kaɗai ba, in ba haɗari ya ke nema ba. Sai an yi shawara, an sa rana, kowa ya ji, sa'an nan a juya gaba ɗaya. Matar da ta gaji da wata al'adar gidanta, in ta wayi gari ta karya ta ba sanarwa, karo za a yi. In ta nemi zama tun da sauran lokaci, aka ce daga baɗi ga yadda za a riƙa yi, ta fi kusa da samun biyan bukata.

Dabarar da iyayenmu suka riga mu sani

Cikin 1974 wani masani, Robert Aumann, wanda suka raba lambar Nobel da Schelling cikin 2005, ya bayyana wata mafita da lissafi. Ita ce a rataya zaɓin ga wani abu na waje wanda duka biyu ke gani, kamar a jefa kwabo, ko a ce ranar kaza nan, ranar kaza can. In kwabo ya ce rawa, mijin ya san matarsa can za ta, don haka shi ma ba shi da ribar zuwa wani wuri. Ba mai tilasta wa kowa, amma kowa na bi, saɓawa ta ƙare, rabo kuma ya zo daidai.

To, wannan ai mun daɗe muna yi. Rabon girki mene ne in ba shi ba? Duk matan gida sun fi so a san mai girki da a bar tukunya ba mai ita, amma kowa da ranar da ta fi so ko ta fi ƙi. Sai aka ce kwana bibbiyu, yana zagayawa, ranar salla ko ta baƙi ta faɗa wa wadda ta faɗa wa. Adashi ma haka. Kowa na so ya tafi daidai, kowa kuma na son kwasar fari. Uwar adashi mai hankali takan sa a yi ƙuri'a a gaban kowa, ko a duba wadda biki ko haihuwa ya matso mata, zagaye na gaba kuma a juya jerin. Abin da ya rage mana shi ne mu kai wannan dabara inda ba mu saba kai ta ba: salla bana a nan, baɗi a can, bitar lissafi Litinin, ta Ingilishi Talata, launin anko kuwa a bar wa amarya ta zaɓa, ko a yi ƙuri'a.

Iyakar maganar

Amma fa akwai gargaɗi biyu. Na fari, duk lissafin nan ya tsaya ne a kan cewa ko wane zaɓi aka bi ba mai cutuwa. Maganar a kai yaro mai zazzaɓi asibiti ko a bar shi, ko a cire yarinya daga makaranta, ba ta dambe da rawa ba ce. Ba a jefa mata kwabo, ba a ce bana naka baɗi nawa. Nan sai a tsaya a kan gaskiya, a nemi manya su sa baki in ta kama.

Na biyu, ya tsaya ne a kan cewa duka biyu suna ƙin rabuwa. In ɗaya bai damu a haɗu ko kada a haɗu ba, shi zai riƙa jan akala, gama ɗayan ne kaɗai ke tsoron tutar babu. Saboda haka, 'yan makaranta, ku riƙe karatunku, matan aure kuma ku riƙe sana'arku. Macen da ke da ilmi da abin hannunta, bin da ta ke yi na so ne, ana kuwa ganin girmansa, maganarta ma ta fi nauyi a wurin shawara.

Ga abin da za ku ɗaure a bakin zane:

1. In gardama ta tashi, fara tambayar kanki ko kun yarda a kan babban abin. In kun yarda, ki faɗe shi da baki kafin a shiga ƙaramin.

2. Faɗi abin da ki ke so sarai, ki kuma tambayi nasa. Kada ki bar shi yana kintace.

3. A yi shawara kafin a kashe kuɗi, kafin a aika saƙo, kafin a kai wa tela.

4. Abin da zai maimaitu, a yi masa karɓa-karɓa. Abin da sau ɗaya ne, a yi ƙuri'a a gaban kowa.

5. In ke ce kullum a ke bi, wata rana ki ce yau na ƙanwarki za a yi. Wadda ta san nata juyin na zuwa ba ta jin zafin jira.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya su ke kwana. Ku gwada karɓa-karɓa a kan abu ɗaya ƙarami cikin makon nan, ko abincin daren Juma'a ne, ku rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa.